Shekarar da Na Sa ma Masallacinmu Rigar Siminti

Bara waccan wani malamin jami'a ya zo unguwarmu nan Wurno, da na'urar ɗaukar hoto rataye a wuya da ɗan littafi a hannu, wai yana bin tarihin ginin masallatai daga Rabah har Goronyo. Anka turo shi wurina, ba don na fi kowa sani ba, sai don tsofaffin da sunka fi ni duk sun koma bayan gari sun kwanta. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Baba, ina tsohon masallacin ƙasa na unguwar nan?"

Na ce, "Malam, kana tsaye bisa kansa."

Ya dubi ƙafafunsa, ya ga tayil mai sulɓi. Ya ce, "Me ya kada shi?"

Na ce, "Ruwa."

Ya rubuta ruwa a littafinsa, ya ɗauki hoton fanka, ya tafi.

To, amsar nan tawa rabin gaskiya ce. Tunda yanzu ta shiga littafin jami'a, kuma ni ma na yi boko har aji huɗu, daidai inda anka fara lissafin rabawa na ga abin ya zama neman fitina na ɗauke allona, ina ganin wajibi ne malami ya gyara ma ɗan'uwansa malami. Ga sauran rabin.

Kakanmu ya gina masallacin. Mu gidan magina ne, kuma dauri in an ce magini ba ana nufin mai cokali da igiyar awo ba, mutum ne da ƙafafunsa da tafin hannunsa. Tubali ake mulmulawa ɗaya ɗaya, mai gindi da tsinin kai, a shanya, a jera su kai sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Kaurin bangon daga ƙasa, jaki zai kwanta a kai ya yi birgima bai faɗo ba, yana hawa yana sirancewa. Ciki ginshiƙai biyu ne, daga kansu bakan gizo ya tashi ya lanƙwasa ya sauka, azarar giginya ce a cikinsa ɗaure da igiya, an lulluɓe ta da ƙasa. Tagogi 'yan ƙanana can sama, kyanwa ma sai ta yi tunani kafin ta shiga. Daɓen yashi ne daga gulbi. Ba hasumiya. Matakala ce ta ƙasa a gefen arewa, ladan ya hau soro ya toshe kunne ya kira salla da maƙogwaron da Allah ya ba shi.

Ga sanyi. In bazara ta kai inda ƙadangare ke gudu da ƙafa uku, ka shiga masallacin nan sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa. Akwai tsofaffin da sallar azahar ɗinsu ba ta ƙarewa sai la'asar, kuma ba duka ne zikiri ya riƙe ba.

Amma ginin ƙasa kamar jariri yake, ba a ajiye shi a tafi. Duk shekara, in an gama cire albasa kafin ruwa ya sauko, unguwa ke fitowa yaɓe. A haƙo ƙasa a kududdufi, a jibge, a zuba ciyawa da kashin dabbobi, a yi ta takawa, a bar ta kwanaki ta ruɓa har warinta ya kori baƙo. Mata su kawo ruwa da fura, maza su hau bango. A ƙarshe a yayyafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da anka jiƙa, bango ya yi ja ya yi ƙyalli, ruwan sama ya riƙa zamewa a kai. Ranar yaɓe mutum biyu da ba sa ga maciji dole ɗaya ya miƙa ma ɗaya curin ƙasa. Ban ce suna shiryawa ba. Amma dai sun miƙa.

Bayan Baba ya rasu, wana ya gaji aikin. Shi ba a kai shi boko ba, ni anka ba da, da yake ni ne ba a ga alamar zan yi amfani a bango ba. Wana mutum ne mai ƙarancin magana da yawan ba'a. Har Rimawa da Taloka da Giyawa akan aiko a ɗauke shi ya duba masallaci, ya hau jaki ya tafi ba guduma ba ma'auni. Abin da yake yi kawai, ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunne manne. In ya ji sauti ya mutu nan take, ya ce lafiya lau. In ya ji ya amsa daga ciki, ya ce a fasa nan.

Ni kuwa da anka fara aikin dam na Goronyo na bi mutane na tafi lebura. Can na fara ganin siminti da yawa. Na ga an kwaɓa toka-tokar gari da yashi da safe, washegari ta zama dutse. Na ga bango ya tare gulbi guda. Na koyi kwano nawa na yashi ke bin buhu ɗaya, na koyi riƙe cokalin birkila, na sayi fensir na soke a bayan kunne. Ban taɓa rubuta komai da shi ba, amma ya yi mini aiki ƙwarai. Kafin in dawo gida na leƙa Rabah, na yi salla a wani sabon masallaci na bulo da rufin kwano, an shafe shi da koren fenti. Ruwa ya sauko muna raka'a ta biyu, kwano ya ɗauki ƙara, ba wanda ya ji liman, kowa ya yi ruku'u lokacin da ya ga dama. Ni ban lura da wannan ba sai daga baya. Fentin na gani.

Da na iso gida wana ya dubi fensirin, ya ce, "Lale marhabin da Injiniya." Sunan da ya bi ni ke nan har yau. Jikokina ma wasu sun ɗauka da gaske ne.

Shekarar nan da lokacin yaɓe ya matso, anka zauna gindin dalbejiyar ƙofar masallaci bayan la'asar don a sa rana. Liman na nan, dattawa na nan, da wani Alhaji dillalin albasa da ke kai lodi kudu, mutum mai son alheri da son a san ya yi shi. Mutane sunka fara ƙorafi, wannan ya ce bayansa, wancan ya ce 'ya'yansa sun tafi cin rani. Sai na gyara murya.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ni ina da magana. Har yaushe za mu yi ta taka kashin jaki muna shafa ma ɗakin Allah? Duniya ta ci gaba. A yi mai shafen siminti sau ɗaya, a huta har tashin kiyama."

Alhaji ya ce, "Aradu yaron ga ya yi magana. Siminti ku bar shi gare ni."

Liman ya juya wajen wana. "Kai mi ka gani?"

Wana yana sassaƙa asuwaki, bai ɗago ba. Ya ce, "Malam, bangon ga numfashi shikai. Damina shi sha ruwa, rani shi fitar. In kunka sa mai rigar da ba ta shan iska, gumi za shi yi daga ciki."

Na yi dariya, irin dariyar wanda ya ga dam. Na ce, "Yaya, bango na da hanci? Nuna muna hancin mu bar mai ƙofa."

Wurin ya fashe da dariya. Wani dattijo ya ce, "Bar shi, Injiniya, tsoro shikai sana'a ta mutu." Wannan ita ta kashe maganar. Daga ranar duk abin da wana zai faɗa game da bangon nan, an riga an san fassararsa. Ya busa asuwakinsa, ya tashi, ya ce, "Allah shi sa alheri."

Ni na jagoranci aikin. Da yake siminti ba ya kama ƙasa, sai munka bi bangon da ƙusoshi, munka ɗaura waya irin ta kejin kaji, sa'an nan munka shafe. Ka ji dabara. Munka yi ma bango ɗaruruwan huji don mu kare shi daga ruwa. Waje da ciki munka shafe, har soro, har bakin indararo. Anka buga farin fenti da koren layi. Ni da hannuna na zana shekarar a saman ƙofa da ƙusa tun simintin na ɗanye, na juya lamba ɗaya baibai, ba wanda ya gane.

Gaskiya ya yi kyau. Mutane na zuwa daga wasu unguwanni su kalla. Unguwa biyu sunka kwaikwaye mu, Allah Ya yafe mini su ma. Bazara ta zo ta wuce ba wanda ya taka ƙasa, kududdufi ya cika da leda. Matasan da anka haifa bayan nan ba su san warin ruɓaɓɓiyar ƙasa ba, ba su san yadda ake jefa curi sama mutum ya cafe ba. Wana ya ci gaba da zuwa ƙauyuka, sannu a hankali aike ya ragu, ya koma gonarsa ta gero da wake. A masallaci wurinsa na nan, sahun farko daga dama, kafaɗarsa jikin bango. 

Shekaru sun yi kamar goma, ko sun fi, ban riƙe ba. Wata rana bayan azahar na tsaya ɗaura takalmi, na ga wata 'yar tsaga siririya kamar gashi ta taso daga gindin indararon gabas ta gangaro. Na waiga, ba kowa. Na lanƙwasa yatsa na ƙwanƙwasa yadda na ga ana yi a gidanmu. Bangon ya amsa mini. Ya amsa kamar ƙwarya da anka kife a ruwa.

Na sayo ɗan siminti na liƙe tsagar, na ce gyaran fuska ne. Shekara ta kewayo ta fito a gefe. Na liƙe. Ciki kuma wani wari ya fara, warin ɗakin da anka daɗe ba a buɗe ba, fenti na kumbura yana ɓarewa daga ƙasa. Mutane sunka ce jemagu ne. Na ce lalle jemagu ne, na ƙara da bayanin halayyar jemage, wanda ban san daga ina na samo shi ba. Kullum in masallaci ya watse sai in zaga baya in ƙwanƙwasa, ina auna inda amon ya kai da tafin hannu. Bana taƙi uku, baɗi biyar. Ruwa na shiga ta tsaga da ramukan ƙusa, ba ya samun hanyar fita, ƙasar kakanmu na narkewa a cikin rigar da na ɗinka mata.

A lokacin idon wana ya tafi. Yanar ido ta rufe su duka biyu, ni ke jan sandarsa zuwa masallaci. Wata la'asar cikin bazara, hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa, munka fito sai ya tsaya. Ya ce, "Injiniya, kai ni bayan alƙibla."

Na ce, "Mi za ka yi can, Yaya? Rana ta."

"Ina son in gaida wani tsoho."

Na kai shi. Ya miƙa mini sandar, ya dafa bango, ya bi shi yana ƙwanƙwasawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya daɗe. Ni ina tsaye ina kallon tururuwa.

Ya ce, "Azara ba ta mutu ba tukuna. In anka ɓare simintin ga yanzu, anka bar shi ya sha iska, anka cike da sabuwar ƙasa kamin ruwa, za shi tashi. In ya ƙara damina guda cikin rigar ga, ban sani ba."

Na ce, "To ka faɗa ma liman."

Ya yi murmushi. "Ni? Makaho mai kishin sana'a? Wanda yas sa riga shi ka tuɓe ta. Kai za su ji."

Ba ƙarya ya yi ba. Abu ɗaya ya rage tsakanin masallacin nan da ƙasa, in tashi gaban mutanen da sunka shekara ashirin suna ce mini Injiniya in ce musu ban san komai ba.

Na ɗauki niyya, wallahi na ɗauka. Ranar Juma'a bayan an dawo daga babban masallaci anka zauna gindin dalbejiya kamar kullum. Na tsara maganata tun daga gida, har da inda zan yi tari. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ina da magana kan masallaci." Kowa ya juyo. Alhajin albasa, wanda tsufa ya kama shi har ana kawo shi a kan babur, ya ɗago ya ce, "Faɗi, Injiniya. Ni duk abin da nay yi a duniya ba ni da kamar simintin ga. Shi nike fatan in tarar a kabari."

Na dubi tsohon nan. Na dubi wana, fuskarsa na kallon sama yadda makafi ke yi. Na ji bakina ya ce, "Dama cewa zan yi fenti ya tsufa. Ya kamata a sake."

Anka sake fenti. Shuɗi anka sa wannan karon.

Ranar Juma'ar nan dai, da munka kai ƙofar gida sai wana ya tsaya. Ya ce, "Wane launi za a sa?" Na faɗa masa. Ya ce, "Madalla. Ya dace da mai jinya."

Na riƙa ce ma kaina bayan damina zan yi magana, in Alhaji ya tafi kudu, in an yi girbi. Daminar ta zo da ƙarfi, kwana uku ana yi ana ɗaukewa. Rana ta huɗu gari ya washe, munka yi azahar, mutane sunka watse gonaki duba ɓarna. Ladan ya dawo zai kira la'asar, ya sa ƙafa a matakala ta farko, ya ji ta motsa. Ya ja da baya. Ya ce bai ji wata ƙara mai yawa ba, kamar dai babbar saniya ta yi nishi ta kwanta. Bangon alƙibla ya zauna, bakan gizo ya biyo shi, soro ya rufta ciki. Ba kowa a ciki. Wannan rahama ce da ban cancanta ba, kuma na san da sa'a ɗaya ta gaba ko ta baya, da ba takarda nake rubutawa ba yanzu.

Washegari da hantsi wana ya ce in kai shi. Mutane na tsaye cirko-cirko suna salati, ana cewa ruwan bana ba a taɓa ganin irinsa ba. Wani yanki na bangon kudu bai faɗi ba, ya tsage daga sama har ƙasa, cikinsa a buɗe. Ban taɓa ganin cikin bangon nan ba. Yaɓen kowace shekara na nan a jere, ɓawo kan ɓawo, kamar ka yanka albasa ta tsakiya.

Wana ya durƙusa ya sa yatsa daga can ciki, yana tafiya da shi a hankali zuwa waje.

"Wanga tubalin kaka na. Ji taurinai. Wanga mai tsakuwa daga tsohon kududdufi, kamin a yi gidaje wurin. Waɗanga nashi na duka." Ya matsa. "Nan Baba ya karɓa. Ka ji ciyawa ta yi yawa, shi dama hannunai sake na. Wanga siririn, shekarar yunwa ta, mutane ba su da ƙarfin taka ƙasa, shafawa kawai anka yi don kar a ce ba a yi ba. Wanga shekarar da anka yi maka aure, ka gudu ba ka taka ba." Ya ci gaba. "Nawa na farko. Ya yi kauri, tsoro nike ji. Nawa. Nawa."

Daga nan ƙasar ta zama taɓo, baƙa, tana wari, yatsansa ya nutse a ciki. Ya ratsa ta ya taɓo abu mai tauri. Ya ƙwanƙwasa.

"Wanga kau naka na, Injiniya. Ka gani, shi kaɗai bai yi komi ba. Aiki ya yi kyau."

Na durƙusa kusa da shi. Na ce, "Yaya, na ji shi. Tun shekarar da tsaga taf fito nike jin shi."

Ya ce, "Na sani. Kafaɗata na jikin bango, kai kana baya kana ƙwanƙwasawa. Duk ina ji." Ya goge yatsansa a rigarsa. "Kunnenka na da kyau, ka sani? Ya fi nawa sadda nike kamarka. Da an bar ka gida da ka yi magini."

Wannan ita ce kalma mafi daɗi da ya taɓa faɗa mini, kuma ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamarta ba.

Ba wanda ya kawo zancen sake ginin ƙasa. Wa zai taka? Wa zai ɗaura bakan gizo, mai ɗaurawa ba ya gani? Mota ta zo ta kwashe kakanmu da Baba da wana ta zuba a wani rami a hanyar kasuwa. Azarorin, mata sunka raba. Anka yi na bulo, rufin kwano, tayil, tagogin gilashi, hasumiya siririya da lasifika huɗu, fankoki shida masu jiran wuta. Yana da kyau, ba na ce ba. Da bazara in an yi sallama, kafin ka juya hagu sahu ya watse, ba mai zikirin da ke kai minti biyar. Wana ya yi salla a cikinsa wata bakwai. Yakan dafa bangon ya ce, "Wanga ba shi gaisuwa." Ya rasu kafin wata damina. Alhaji ya riga shi, da simintinsa cikin lissafin alheransa, kuma ina roƙon Allah Ya karɓa masa, don shi da zuciya ɗaya ya bayar. Ban taɓa faɗa ma liman ba, shi ma ya tafi. Unguwa har yau ta san ruwa ne.

Abu ɗaya dai malamin jami'a ya kamata ya ƙara a littafinsa. Ya tambaye ni ko akwai abin da ya rage na tsohon ginin, na ce babu. Akwai. Lokacin kwashe ƙasa, wani falle na simintin ya fito lafiyayye, faɗinsa ya kai tabarma, da wayar kaji a bayansa da shuɗin fenti a gabansa. Anka ga asara ne a yar, anka shimfiɗa shi bisa kwatar da ke gaban wurin alwala. Shi malamin ma ta kansa ya tsallaka da zai shigo. In ka sunkuya ka share yashin, za ka ga shekarar da na zana da ƙusa, da lambar nan da ke kallon baya. Sau biyar a rana nake taka shi. Ko tsagewa bai yi ba.